Sassaben Zamani: Yadda Kututture Ya Gyara wa Malaman Gona Lissafi

Masu sauraronmu na rugage da kasuwannin bakin iyaka, duk wanda ya bi hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ya ga itatuwa tsaye cikin gonakin gero. Ku tambayi dattawa, shekara 40 baya ba haka wurin yake ba.

Wancan lokaci karatun malamin gona ɗaya ne: manomin kirki shi ne mai gona fes, babu ko tsiro. A sassabe, a ƙone, a sa taki. Dokar daji ta zamanin Faransa, da wadda Nijar ta yi a 1974, sun bar manyan itatuwa irin su gawo a hannun gwamnati. Itace na cikin gonarka, amma ka sare reshe ma'aikacin daji ya ci ka tara. To wa zai reni abin da zai jawo masa tara? Sai mutane suka riƙa kashe tsiro tun yana ƙarami.

Bayan farin shekarun 1970 aka zo da shirin dashe. Aka kashe kuɗi, aka rarraba 'ya'yan itatuwa, galibi baƙi. Rana da iska da awaki suka gama da mafi yawansu. An tsara komai a ofis, ba wanda ya tambayi mai gonar.

A 1983 wani ɗan Ostireliya mai aikin dashe a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan kalgo da sabara da ake sassabewa kowace shekara tohon tsoffin kututture ne, saiwarsu tana raye a ƙasa. Ba sai an dasa ba. Ka zaɓi rassa masu ƙarfi kaɗan, ka datse sauran, ka bar su su tashi. Gaskiya manoma sun san wannan tun kaka da kakanni, tsoron tara da gorin maƙwabta ne suka binne shi. Da farko ma dariya aka yi wa waɗanda suka gwada, wai ƙazaman manoma.

Sai ga yunwar 1984, wadda 'yan kasuwa ba za su manta ba, don a shekarar Najeriya ta rufe iyakokinta. Aka ce wanda ya bar itatuwa a gonarsa za a ba shi hatsi. Dubbai suka yarda, amma da rabon ya ƙare, da yawa suka sake sarewa. Kun ga, hatsi ya sayi hannu, bai sayi zuciya ba. Waɗanda suka haƙura su ne suka zama malaman gona na gaskiya: maƙwabci ya ga itacen girki a ƙofa, ya ga iska ta daina binne shuka, ya kwaikwaya. Da ma'aikatan daji suka sassauta, abin ya bazu har Damagaram. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200.

Makiyayi fa? Gawo yana ganye da rani, 'ya'yansa abincin dabba ne lokacin da ciyawa ta ƙare. Amma itacen da ya sami mai shi, ba a sassaƙe shi yadda aka saba, kuma nan rigima take tashi. A Ɗan Saga, cikin yankin Agye, da za a kafa kwamitin tsaron itatuwa sai aka zaunar da makiyaya da mata tare da manoma, aka yanka ƙa'idar sara da ta tara a gaban kowa.