Salsalar Gidan Burnes: Zuri'ar Manoman Haya a Karkarar Sikotlan

Gidan Burnes gida ne na manoma daga gundumar Kincardine da ke arewa maso gabashin Sikotlan, kuma daga cikinsa ne aka sami Robert Burns, marubucin waƙoƙin da mutanen ƙasar suke ɗauka a matsayin mawaƙinsu na ƙasa. Shahararsa ce ta sa masu bincike suka bi diddigin danginsa fiye da yadda aka saba yi wa talakawa, har salsalarsu ta zama misalin yadda ake gano asalin mutanen karkara a can. Ba sarauta gare su ba, ba su kuma mallaki ƙasa ba. Gonakin da suka noma duk na haya ne, don haka sunayensu ba su shiga takardun mallakar ƙasa ba. Abin da ya adana tarihinsu shi ne duwatsun kaburbura, da rajistar coci, da takardun haya, da wasiƙu, da kuma al'adar raɗa wa jikoki sunayen kakanni.

Tushen gidan a Glenbervie

Mutum na farko da aka tabbatar a jerin shi ne Walter Burnes, wanda ya yi hayar gonar Bogjorgan a gundumar cocin Glenbervie, ya rasu a 1670. Shi ne kakan kakan mawaƙin. Ɗansa James ya riƙe gonar Bralinmuir a wannan yanki, ya yi tsawon rai, ya rasu a 1743 yana da shekara 87. Matarsa Margaret Falconer ta bi shi a 1749. Duwatsun kabarinsu suna maƙabartar Glenbervie, kuma rubutun da ke jikinsu yana cikin manyan hujjojin da aka dogara da su a wannan hawa na salsalar.

A karkarar Sikotlan ta wancan zamani ana sanin mutum da gonarsa kamar yadda ake saninsa da sunan mahaifinsa. Inda James Burnes ya yi yawa a ƙauye ɗaya, sunan gona ne yake rarrabe wane da wane. Shi ya sa mai bin salsala yake bin gonaki ɗaya bayan ɗaya: idan gida ya tashi daga gona, sai a nemi inda ya sauka, domin a rajistar cocin wannan sabuwar gundumar ce za a ga haihuwar 'ya'yan da suka biyo baya.

Akwai labarin da ya daɗe yana yawo cewa asalin gidan wani Walter Campbell ne daga Argyll, wanda ya gudo gabas ya sauya suna. Ba a sami takardar da ta goyi bayan wannan labari ba. Irinsa yana da yawa a tarihin iyalai, inda jikokin da suka sami ɗaukaka suke neman jingina kansu da wani babban gida. Shi mawaƙin bai yi wannan da'awa ba. A wasiƙar tarihin rayuwarsa da ya aika wa Dakta John Moore a 1787, ya ba da labarin cewa ya leƙa ofishin da ke ajiye tambarin manyan gidaje a Edinbara, ya ga kusan kowane suna na ƙasar, bai ga nasu ba.

Clochnahill da watsewar 'yan'uwa

Ɗan James mai suna Robert, kakan mawaƙin, ya yi hayar gonar Clochnahill kusa da garin Stonehaven, ya auri Isabella Keith. Ƙasar yankin ta Earl Marischal ce, babban basarake na gidan Keith, wanda gwamnati ta ƙwace wa dukiya saboda ya goyi bayan gidan sarautar Stuart a tawayen 1715. Mawaƙin ya yi imani cewa kakanninsa sun sha wahala saboda biyayya ga wannan ubangida nasu. Abin da ya tabbata shi ne, a shekarun 1740 noma ya gagari Robert, gonar ta kasa ɗaukar nauyin gida, 'ya'yansa maza suka fita neman abinci.

James, babban cikinsu, ya zauna a garin Montrose da ke bakin teku. William, wanda aka haifa a 1721, ya nufi kudu a 1748, riƙe da takardar shaidar hali da wasu masu ƙasa na yankin suka sa wa hannu. Takarda irin wannan tana da amfani ƙwarai a lokacin, domin shekara biyu ke nan da murƙushe tawayen magoya bayan gidan Stuart na 1745, kuma ana kallon duk baƙon da ya fito daga arewa da zargi. Daga wannan rabuwa gidan ya kasu reshe biyu, na Montrose da na Ayr.

William Burnes da gonakin Ayr

William mai aikin lambu ne. Ya yi kamar shekara biyu a Edinbara yana aikin gyaran filin shaƙatawa, sannan ya wuce gundumar Ayr a kudu maso yamma a 1750. Ya yi hayar fili eka bakwai da rabi a Alloway, ya gina ɗakin laka mai rufin ciyawa da hannunsa, ya auri Agnes Broun ranar 15 ga Disamba 1757. Ita 'yar Gilbert Broun ce, manomin haya a Craigenton cikin gundumar cocin Kirkoswald. A wannan ɗaki aka haifi Robert ranar 25 ga Janairu 1759, aka yi masa baftisma washegari, aka rubuta a rajistar cocin Ayr.

Ma'auratan sun haifi 'ya'ya bakwai: Robert a 1759, Gilbert a 1760, Agnes a 1762, Annabella a 1764, William a 1767, John a 1769, da Isabella a 1771. Jerin sunayen nan yana nuna al'adar raɗin suna ta Sikotlan, wadda masu bincike suke amfani da ita sosai. Ɗan fari namiji yakan ci sunan kakansa na wajen uba, na biyu na wajen uwa, na uku kuma sunan mahaifinsa. 'Yar fari takan ci sunan kakarta ta wajen uwa. Haka aka yi a nan: Robert takwaran mai Clochnahill ne, Gilbert takwaran mai Craigenton, William takwaran ubansa, Agnes kuwa sunan mahaifiyar uwarta ne. Ba kullum ake bin tsarin daidai ba, domin sunan kaka Isabella sai a kan auta ya faɗa. Duk da haka, idan rajista ta ɓace, sunayen jikoki sukan nuna wa mai bincike sunan da zai nema a hawan da ke sama.

Rayuwar William ta zo daidai da lokacin da masu ƙasa suke sauya tsarin noma a kudancin Sikotlan. Suna haɗe ƙananan gonaki, suna killace su, suna neman a zuba farar ƙasa a gyara fadamu, suna kuma ɗaga kuɗin haya tun kafin gyaran ya fara biya. A lokacin ana biyan haya sau biyu a shekara, a tsakiyar Mayu da ranar 11 ga Nuwamba, kuma a waɗannan ranaku ne ake shiga gona ko a fita. A 1766 William ya karɓi Mount Oliphant, gona mai eka 70 mai duwatsu, a kan fam 40 a shekara. Ba shi da halin ɗaukar barori, sai 'ya'yansa suka zama ma'aikatansa, har Robert ya zama babban mai huɗar gonar yana ɗan shekara 15. Duk da wannan ƙunci, tun a 1765 William da maƙwabta huɗu suka haɗa kuɗi suka ɗauki wani saurayi, John Murdoch, ya koyar da 'ya'yansu. A 1777 gidan ya koma Lochlea, mai eka 130. Can rigima ta tashi tsakaninsa da mai ƙasar, David McLure, kan bashin haya da kuɗin gyara, har ta kai babbar kotun Edinbara. William ya yi nasara a Janairu 1784, ya rasu ranar 13 ga Fabrairu na wannan shekara. Takardun shari'ar suna cikin abin da ya bayyana halin da gidan yake ciki, domin talaka ya fi barin sawu a takarda idan ya ci bashi ko ya shiga kotu.

Sauyin suna da littafin dattawan coci

Bayan rasuwar uban, Robert da Gilbert suka koma gonar Mossgiel kusa da Mauchline. A 1786 suka daidaita rubutun sunansu ya zama Burns, yadda mutanen Ayr suke faɗa, alhali danginsu na arewa suna rubuta Burnes ko Burness. Tun a 1759 ma magatakardan cocin Ayr Burns ya rubuta, ya kuma mai da Broun ya zama Brown. Magatakarda yakan rubuta abin da kunnensa ya ji ne, don haka mai bincike ba ya tsayawa a kan rubutu ɗaya. Abin da ke sauƙaƙa aikin shi ne matan Sikotlan ba sa rasa sunan gidan ubansu a takarda bayan aure, saboda haka ana iya bin dangin uwa kamar yadda ake bin na uba.

Majalisar dattawan coci ita ma ta bar bayanai. A wancan zamani ita ke raba sadaka ga matalauta, ita ke hukunta masu laifin ɗabi'a. A 1785 Elizabeth Paton, baranyar gidan, ta haifa wa Robert 'ya mace. A 1786 shi da Jean Armour suka tsaya gaban jama'a a cocin Mauchline, Fasto William Auld ya tsawata musu saboda cikin da aka samu kafin coci ta amince da aurensu. Littattafan irin wannan majalisa su ne sau da yawa suke bayyana uban yaron da aka haifa ba ta hanyar aure ba. An tabbatar da auren Robert da Jean a 1788. Ya gwada noma karo na ƙarshe a Ellisland daga 1788 zuwa 1791, sannan ya bar gona ya koma garin Dumfries yana aikin karɓar harajin kaya. A can ya rasu ranar 21 ga Yuli 1796, yana da shekara 37.

Zuri'ar da ta bar gona

Jean ta haifi 'ya'ya tara, uku ne suka girma, kuma babu manomi a cikinsu. Robert ƙarami ya yi aikin gwamnati a Landan. William Nicol da James Glencairn sun shiga rundunar kamfanin Ingila mai mulkin Indiya, suka kai manyan muƙamai, suka ƙare rayuwarsu a Cheltenham ta Ingila.

Reshen Montrose ya riga su barin noma. Ɗan James, shi ma James, lauya ne, kuma shi mawaƙin ya rubuta wa yana roƙon fam 10 kwanaki kaɗan kafin ya rasu. Jikan wannan lauya shi ne Alexander Burnes, jami'in Birtaniya da ya yi tafiya zuwa Bukhara ya wallafa labarinta a 1834, aka kashe shi a Kabul ranar 2 ga Nuwamba 1841.

Gilbert ya ƙare a matsayin wakilin wani mai ƙasa a East Lothian, ya riƙe mahaifiyarsu har ta rasu a 1820, shi kuma ya bi ta a 1827. Ɗansa Thomas ya zama fasto, ya fice daga babbar cocin Sikotlan a rabuwar 1843, ya zama ɗaya daga cikin jagororin baƙin da suka sauka a Otago ta Niyu Zilan a 1848, inda aka kafa birnin Dunedin. Ɗan Thomas, Arthur, ya raɗa wa gonarsa a can sunan Mosgiel don tunawa da gonar kakansa, kuma garin da ya tsiro a wurin yana amsa sunan har yau.

Takardun da ake dogara da su

Kusan dukan wannan tarihi ya faru ne kafin gwamnati ta karɓi aikin rajista. Har zuwa 1854 cocin kowace gunduma ce ke rubuta baftisma da sanarwar aure, wani lokaci da jana'iza. Mafi tsufa cikin rajistocin da suka rage ta Errol ce, wadda ta fara a 1553, amma gundumomi da yawa ba su fara ba sai a ƙarni na 18. Wasu littattafan sun ruɓe, wasu sun ƙone, kuma harajin kwabo uku da aka ɗora wa kowace rajista daga 1783 zuwa 1794 ya sa matalauta da dama suka ƙaurace mata. Mabiya cocin da suka ɓalle su ma sau da yawa ba sa shiga.

Ƙidayar 1841 ita ce ta farko da ta rubuta sunan kowa da kowa a gida, ta 1851 kuma ta ƙara da dangantakar mutum da mai gida da gundumar da aka haife shi. Ranar 1 ga Janairu 1855 rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta zama dole. Takardar mutuwa ta Sikotlan tana ɗauke da sunan uban mamaci da na uwarsa, har da sunan gidan ubanta, saboda haka tsohon da ya rasu bayan 1855 yakan zama gada zuwa ƙarnin da ya gabata. A gidan Burnes, Robert ƙarami da ya rasu a Dumfries a 1857 da auta Isabella da ta rasu kusa da Alloway a 1858 sun riski wannan tsari. An tattara tsofaffin rajistocin coci a Edinbara, suna hannun hukumar adana takardun ƙasa, kuma ana iya duba hotunansu ta intanet a ScotlandsPeople. Da su, da duwatsun Glenbervie, da takardun haya da na kotu, aka jera hawa bakwai na wannan gida, daga Walter na Bogjorgan zuwa Arthur na Mosgiel.