Lambar Da Ba Ta Ƙaura

Al'adar masana ce tun zamanin da, in mutum ya wallafa littafi sai ya faɗi inda ya samo maganarsa. Yakan ambaci sunan mawallafi, da littafi, da shekara, da shafi, domin mai shakka ya je ya duba da idonsa. Gama ilmin da ba a iya bin sawunsa, ba shi da maraba da jita-jita.

A cikin shekarun 1990 mujallun masana suka soma hawa intanet. Nan fa wata wahala ta ɓullo. Kowace takarda tana da adireshinta, amma adireshin ba ya daɗewa. In kamfani ya sayar da mujallarsa, ko ya sake tsarin na'urorinsa, shi ke nan adireshi ya mutu. Mai bincike ya bi, ya tarar da kango.

Ganin haka, masu buga littattafai na Amurka suka shiga neman dabara. A 1997, wurin baje kolin littattafai na birnin Frankfurt a Jamus, aka nuna wani tsari mai suna DOI. Watau kowace takarda a ba ta lamba tata ta kanta, mai farawa da 10, sa'an nan a rubuta lambar cikin rajista tare da adireshin. In takarda ta ƙaura, sai mai ita ya gyara adireshi a rajista, lamba kuwa tana nan yadda take. Misalinsa kamar magidanci ne da ya tashi daga gida, ya bar sallahu wurin mai unguwa. Duk baƙon da ya zo cigiyarsa, a nuna masa sabon gidan.

A shekarar 2000 manyan kamfanonin buga mujallu, waɗanda ke kishin juna a kasuwa, suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar Crossref, domin takardar wannan ta riƙa kai mai karatu ga takardar wancan. A 2012 aka karɓi DOI cikin ma'aunan duniya. Yanzu lambobin da Crossref ta rubuta sun haura miliyan 100.

Amma fa lamba ba ta tsare kanta. In mai takarda ya ƙaura bai bar sallahu ba, mai unguwa ma kangon zai nuna. Ashe ƙarfin tsarin duka yana ga riƙon amanar masu rajista.