Hanyoyi Biyu na Neman Ilmin Fim a Ƙasar Maraɗi

Wanda ya bi babbar hanyar mota da ta ratsa ƙasar Maraɗi, tun daga Gidan Rumji ta yamma har Agye da Gazawa ta gabas, yana yada zango a tasha bayan sallar lisha, da wuya ya rasa rumfar da samari suka taru suna kallon fim ɗin Hausa, a da ta akwatin talabijin da janareta, yau kuwa galibi ta wayar hannu. Amma in ya tambaye su labarin Umaru Ganda ko Mustafa Alasan, waɗanda su ne magabatan wannan sana'a a Jamhuriyar Nijar, ƙalilan ne za su ba shi amsa. Musabbabin haka yana cikin yadda aka koyi sana'ar tun asali, domin hanyoyi biyu ta biyo, ɗaya ta fuskanci yamma, ɗaya kudu, kuma sun daɗe ba su gamu ba.

Ta yamma ita ce ta riga. Wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch, wanda ya zo Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, daga baya ya karkata ga ɗaukar hotunan al'adu, shi ya gamu da Umaru Ganda a tashar jiragen ruwa ta Abijan, inda yake dako bayan ya komo daga yaƙin Indocina, ya sa shi cikin fim ɗinsa na 1958. Mustafa Alasan kuwa, wanda asalinsa bakanike ne, a wurin Rouch ɗin ya fara riƙe na'ura a Yamai, ya fito da fim ɗinsa mai suna Aure a 1962, har kuma ya je Kanada ya zauna gaban Norman McLaren ya koyi sarrafa zane mai motsi. Babu ɗaya daga cikinsu da ya fito daga wata makarantar fim, kuma a zamanin nan, in an gama ɗauka, galibi sai an aika da faifan Faransa kafin a wanke shi a tsara.

To, a cikin wannan hali na ƙarancin kayan aiki da rashin makaranta aka buɗe taron nuna finafinai na Wagadugu a 1969, wanda aka sani da FESPACO, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da suka halarci na farkon. A shekarar ce aka nuna Cabascabo na Ganda a taron Kan na Faransa, sa'an nan a 1972, da aka fara ba da babbar kyautar Wagadugu, shi ne mutum na farko da ya karɓe ta, da fim ɗinsa a kan wani alhaji mai ƙarin aure. Mutane sukan tsaya ga kyautar, amma a ganina fa'idar taron ta fi yawa a abin da ke faruwa bayan an kunna fitilu. Kamar yadda ɗalibin fiƙihu ba ya ƙoshi da littafi sai ya yi hijira zuwa zauren malami, ya ji muhawara, ya san takwarorinsa, a gyara masa kuskure a bainar jama'a, haka mai fim daga Yamai yakan zauna da na Dakar da na Bamako, ya ji inda ake samun mai tsara hoto, da ofishin da ke ba da tallafi, da dalilin da ya sa sautinsa ya lalace. A 1983 aka ƙara wa taron kasuwa ta musamman domin masu saye da masu sayarwa. Illa dai harshen wannan majalisi Faransanci ne, finafinan kuma sun fi ganin Turai a kan ƙauyukan Gobir.

Hanyar kudu ba ta san taro ba sam. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, kuma kafin shekara goma sana'ar ta bunƙasa har ta sami sunan Kannywood. Yaro yakan fara da ɗaukar jakar maigida, ya koma riƙe fitila, wata rana a miƙa masa kyamara. Hukuncin aikinsa kuwa a zamanin nan yana hannun ƴan kasuwar Ƙofar Wambai, waɗanda ba su tambayar kome sai ko kaset zai fita. Kasetan nan sun bi ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa suka shigo Maraɗi, daga can suka watsu kasuwannin ƙauye, kuma ba abin mamaki ba ne, tun da Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri ba su taɓa ɗaukar iyakar da Turawa suka shata a matsayin iyakar harshe ko ta aure ba. Masu hazaƙa ma kudu suka nufa, kamar Fati Nijar, mutuniyar Maraɗi, wadda a Kano muryarta ta shahara.

Sai a wannan ƙarni aka fara ganin alamar gamuwa. Alhaji Sani Magori, mutumin Galmi, wanda iliminsa na farko na aikin gona ne, ya shiga zaman koyon rubutun fim na shirin Africadoc, ya yi karatu a Jami'ar Gaston Berger ta Senigal, inda a lokacin ake haɗa sababbin masu fim da masu zuba kuɗi su gabatar da ƙudurinsu baki da baki, ya komo ya yi fim a kan noman albasa a 2008, ya bi shi da Kukan Kurciya, labarin wata tsohuwar zabiya da mazan da suka tafi ci-rani Abijan suka ƙi komowa. Da Hausa mutanensa suke magana, a tarukan duniya kuma aka nuna su. A Yamai, Inusa Usaini ya kafa dandalin finafinan gaskiya a 2006. A Kano kuma, tun 2018, Abdulkarim Muhammad yake shirya taron KILAF domin finafinan harsunan Afirka, da darussa da kasuwa a haɗe.

Saurayin Gazawa ko na Agye da ke ɗaukar wasan barkwanci da waya a yau shi ne magajin hanyoyin nan biyu, ko da bai sani ba, sai dai ba daidai suke gare shi ba: Yamai ta fi kilomita 600 daga Maraɗi, kuma tana neman takardar ƙuduri da Faransanci, alhali Kano ba ta kai 300 ba, kuma da harshen uwarsa za a yi masa darasi. Abin da yake tsare shi daga ta kusan shi ne kuɗin mota da halin iyaka, wadda aka rufe a 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yuli na 2023.