Yadda lissafi ya bi sawun cunkoson intanet

A watan Oktoba na 1986 wani abu ya ɗaure wa masana kwamfuta kai a Kalifoniya. Layin da ya haɗa Cibiyar Bincike ta Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, waɗanda tazararsu ba ta wuce yadi 400 ba, ya saba ɗaukar bit 32,000 a daƙiƙa, sai ga shi ya koma 40. Babu wayar da ta tsinke. Kowace kwamfuta ce in ta aika ƙunshin bayani ba ta ji amsa ba sai ta sake aikawa, har hanya ta toshe da maimaici. John Nagle ya yi gargaɗin haka tun 1984.

Maganin ya zo daga Van Jacobson a 1988: kwamfuta ta riƙa ƙara abin da take turawa kaɗan-kaɗan, da zarar ƙunshi ya ɓace kuwa ta zaftare rabi. Dabarar ta ceci intanet. A 1989 Dah-Ming Chiu da Raj Jain suka tabbatar da lissafi cewa irin wannan ƙari da ragi kan kai masu layi ɗaya ga rabo daidai.

Sai dai a ganina, inda lissafin ya fi yin rana shi ne 1997, lokacin da Matthew Mathis da abokan aikinsa suka fitar da ƙa'idar saurin TCP, wato tsarin aika bayani da ke amfani da wannan ƙari da ragi. In ɓacewar ƙunshi ta ninka huɗu, sauri ya ragu da rabi. In lokacin zuwa da dawowar saƙo ya ninka biyu, nan ma rabi ya tafi. Ashe daidaiton na masu nisa ɗaya ne. Mai jawo bayani daga Kano zuwa wata na'ura a Landan kasonsa bai kai na ɗan Landan ba in sun haɗu a hanya guda, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen da yawancin shafukan da suke buɗewa a ƙetare aka ajiye su.

A 1998 Frank Kelly na Jami'ar Kambirij da abokansa biyu suka ɗauki hanyar a matsayin kasuwa, cunkoso shi ne farashi, kowa na saye gwargwadon buƙatarsa. Daga nan aka samu ma'aunin da za a gwada adalcin kowace sabuwar dabara. Google ta fito da BBR a 2016, wanda ke auna faɗin hanya da jinkirinta maimakon jiran ƙunshi ya ɓace, kuma nan da nan masu bincike suka shiga auna yadda yake raba layi da tsofaffin dabaru.