Gurbin da Ba a Cike Ba: Yadda Ƙamus na Python ke Tantance Abin da ke Cikinsa

A harshen Python na rubuta manhajar kwamfuta, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, ƙamus ma'aji ne da ke haɗa kowane mabuɗi da ƙimarsa, tamkar yadda littafin albashi ke haɗa sunan ma'aikaci da kuɗinsa. Rikici yakan taso idan ƙima ta ɓace, domin rashin suna a littafi daban, sunan da aka rubuta aka bar gurbin kuɗinsa fayau kuma daban.

Hanyoyi biyu aka fi bi wajen bincike. Kalmar "in" mabuɗi kaɗai take dubawa: in yana nan ta amsa da e, ko da gurbinsa babu komai. Umarnin "get" kuwa ƙima yake ɗaukowa, idan bai sami mabuɗin ba sai ya mayar da None, wato alamar babu. Sai dai wannan amsar ce kuma yake bayarwa idan mabuɗin yana nan amma None aka ajiye masa. Don haka manhajar da ta dogara da "get" tana iya ɗaukar ma'aikacin da ba a shigar da albashinsa ba tukuna a matsayin wanda ba ya aiki a wurin. Sifili ma yakan faɗa wannan tarko, domin a gwajin sharaɗi Python na ɗaukarsa daidai da a'a. Ɗan kasuwar da ya biya bashinsa kaf sai ya zama kamar ba a taɓa rubuta shi ba.

Akwai kuma NaN, alamar lambar da ba ta tantancu ba, wadda ƙa'idar IEEE 754 ta 1985 ta tanada. Ba ta daidai da komai, har da ita kanta. Ƙamus yakan fara duba ko ainihin abin da aka ajiye ne aka zo nema, kafin ya gwada daidaito. Saboda haka NaN ɗin da aka ajiye za a same ta, amma sabuwa da aka ƙirƙira ba za a same ta ba, har ƙamus guda ya tara mabuɗan NaN barkatai.

Mafita ita ce a tambayi mabuɗi da "in", a gwada None a keɓe, a kuma tsame NaN kafin ta zama mabuɗi.