Dorugu ɗan Damagaram a bakin Bahar Rum

Ranar 28 ga watan Agusta na shekarar 1855, wani ɗan ƙaramin ayari ya shiga birnin Tarabulus ta hanyar kudu, bayan tafiyar fiye da wata uku daga Kukawa ta Kawar da Murzuk. Madugun tafiyar shi ne Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasashenmu suka sani da sunan Abdul Karim. Littattafan tarihi sun cika da labarin wannan rana, amma ta bakin Bature, wanda ya yi shekara biyar da ɗoriya rabonsa da ganin teku. Ba safai ake tunawa ba cewa a bayansa akwai samari biyu, Abbega ɗan ƙabilar Margi da Dorugu, Bahaushe ɗan wajen shekara goma sha shida, haifaffen Dambanas kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram.

Kafin a fahimci abin da isowar nan take nufi, sai an koma baya kaɗan. A zamanin ƙuruciyar Dorugu, Damagaram tana ƙarƙashin Barno, tana kai gaisuwa Kukawa, kuma bayi suna cikin abin da ake kaiwa. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya zauna a birnin Damagaram a farkon 1851, ya rubuta yadda ake kai hari kan ƙauyukan ƙasar kanta don a samu na biyan bashi da na sayarwa. Cikin irin wannan hali aka kama Dorugu yana yaro, ya yi ta sauya iyayengiji har ya tsinci kansa a Kukawa. Can abokin tafiyar Barth, Adolf Overweg, wanda ake kira Tabib, ya fanshe shi ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a bakin tafkin Cadi a watan Satumba na 1852, sai yaron ya koma hannun Barth, ya bi shi ta Damagaram da Katsina da Sakkwato da Say har Tumbutu, suka kuma komo Barno.

To, hanyar da suka bi daga Kukawa zuwa Tarabulus, ita ce babbar hanyar bayi ta wancan ƙarni. Matafiyan Turai da suka ratsa ta sun ba da labarin ƙasusuwan mutane warwatse a kewayen rijiyoyi. Ƴaƴan Hausa da yawa sun riga Dorugu ganin Bahar Rum, sai dai sun gan shi a matsayin haja, ana jiran jirgin da zai kwashe su zuwa kasuwannin Daular Usmaniyya. Shi kuwa ɗa ne ya shiga garin, a kan ƙafarsa, shekara biyu kafin sarkin Istambul ya fitar da dokar hana fataucin baƙaƙen bayi a 1857, dokar da aka daɗe ana keta ta.

Kwana huɗu suka yi a Tarabulus. Gari ne mai ganuwa, matsattse, ba shi da faɗin Kano ko kusa, amma abin kallo a cikinsa ya ishi baƙo. A bakin ruwa ga babbar fadar nan ja da ake kira Saraya, inda gwamnan Turkawa yake zaune tun 1835, lokacin da Istambul ta kawar da gidan sarautar Karamanli ta riƙe ƙasar da hannunta. Kusa da ita ga masallacin Ahmad Pasha Karamanli na ƙarni na 18, can gaba kuma ga masallacin Gurji, wanda a lokacin bai wuce shekara ashirin da ƴan kai da ginawa ba. Dab da shi akwai wata tsohuwar ƙofar dutsen marmara da Rumawa suka gina wajen shekara ta 165 don girmama sarkinsu Marcus Aurelius; ƙasa ta binne gindinta, mutanen gari kuma sun mai da ita wurin ajiya da ciniki. Ga gidajen jakadun Ingila da Faransa, ga unguwar Yahudawa, ga Maltawa masu shaguna.

Amma ga ɗan Damagaram, kasuwa ce ta fi komai ma'ana, domin a nan ne ƙarshen zaren da ya faro daga gida. Fatun da aka jeme a ƙasar Hausa, da hauren giwa, da gashin jimina, da fatake suke ɗorawa raƙuma a Zango su bi ta Abzin da Gat da Gadamas, a nan ake sauke su a loda wa jirage. Takarda da alharini da madubai da duwatsun ado da takubba da ake gani a kasuwannin Damagaram da Kano a ce kayan Larabawa ne, a nan ake iya gane cewa akasarinsu daga ƙetaren ruwa suka fito. Sarki Tanimun, wanda ya sake hawa gadon Damagaram a farkon shekarun 1850, da wannan ciniki ya ƙarfafa mulkinsa har ya kewaye birni da ganuwa ya tara bindigogi.

Garin ba ya cikin kwanciyar hankali a wannan shekara. Shehu Guma yana tawaye a duwatsun yamma, Turkawa suna ta kawo sojoji ta ruwa. Ɗaya daga cikin jiragen hayaƙin da suka kawo sojojin ne ya ɗauki Barth da yaransa zuwa Malta. Daga nan sai Marsai, sai Faris, sai Landan ranar 6 ga Satumba. Wanda ya yi wata uku a kan raƙumi kafin ya ga teku, ga shi ya ratsa Turai cikin ƴan kwanaki. Daga baya Barth ya kai su Hambug, mahaifarsa, wata babbar tashar jiragen ruwa a kan kogin Elbe.

Abin da ya fid da Dorugu daga sahun dubban barorin da suka yi wa Turawa jagora sunansu ya ɓace shi ne, ya yi magana, an kuma rubuta. A Ingila ya zauna gidan wani ɗan mishan, James Frederick Schön, wanda ya daɗe yana nazarin Hausa ba tare da ya taɓa taka ƙasar Hausa ba. Dorugu ya yi masa shiftar tarihin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da tatsuniyoyi, Schön yana rubutawa da boko. Barth bai ji daɗin wannan ba, har suka yi saɓani da Schön a kan yaran. Da Hausar Dorugu Schön ya ƙarfafa littafinsa na nahawu na 1862 da ƙamus ɗinsa na 1876, labarin kansa kuma ya fito cikin Magana Hausa a 1885. Ke nan Hausar da Turai ta fara karantawa da yawa Hausar ƙasar Damagaram ce, ba ta Kano ba, kuma labarin yawon buɗe ido a Turai da ke cikinta ya girmi litattafan gasar 1933 da shekaru masu yawa. Abin takaici ne a ce ɗalibi a Kance ko Mirriya ko Hamdara ya hardace sunan Barth a darasin tarihi, alhali bai taɓa karanta shafi ɗaya na maƙwabcinsa ba. Ga malamin Hausa kuwa, nassin yana da daɗin koyarwa: jimloli gajeru, idon yaro mai lura, ba tsoro ba fadanci.

Abbega ya riga shi komowa, a 1857, daga baya har ya yi sarautar Lakwaja. Dorugu ya komo a 1864, ya yi aikin tafinta shekaru da dama, a ƙarshen rayuwarsa kuma ya koyar a makarantar Ɗan Hausa, wato Hanns Vischer, a Nasarawa ta Kano. A 1971 Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da labarinsa cikin Ingilishi da sharhi. Ya rasu a Kano a 1912, shekara ɗaya bayan Italiya ta kama Tarabulus, daidai lokacin da jirgin ƙasa daga Ikko ya juya fatun Hausa zuwa wani tekun daban, ayarin arewa kuma ya fara mutuwa.