Gumakan Dutse na Tsohuwar Masar

Gumakan dutse na Tsohuwar Masar su ne siffofin ababen bautar Misirawan da, waɗanda aka sassaƙa tun wajen shekara ta 3300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) har zuwa mulkin Rumawa. Littattafai da dama kan gwama su da gunkin da ake ɓoyewa a ƙuryar ɗakin bauta, alhali ba ɗaya ba ne. Na ƙurya, wanda ake yi wa wanka a tufatar da shi a ajiye masa abinci kullum, yawanci ƙarami ne, na zinariya ko azurfa ko itace, kuma kusan duk an narke su ko sun ruɓe. Na dutsen da suka cika gidajen tarihi yau, galibinsu a da a farfajiya da zaurukan ɗakunan bauta suke.

Mafi daɗewa cikin manyansu su ne gumakan abin bauta Min guda uku da Baturen Ingila Flinders Petrie ya tono a Koptos a 1894. An daɗe ana jayayya kan shekarunsu, amma alamomin da aka zana a jikinsu sun fi dacewa da zamanin da ba a kai ga haɗe Masar ƙasa ɗaya ba. Biyu na Oxford, ɗaya na Alƙahira. Daga zamanin dalar Giza kuwa, sai a ambaci waɗanda George Reisner ya samu a 1908, masu nuna Fir'auna Menkaure tare da abar bauta Hathor.

Wanda ya yi fice a wannan harka shi ne Amenhotep na Uku, da ya yi mulki daga wajen 1390 zuwa 1352 kafin haihuwar Annabi Isa. Shi ya sa aka sassaƙa ɗaruruwan gumakan Sekhmet, abar bauta mai jikin mace da kan zakanya, wadda Misirawa suka ɗauka ita ke sako annoba, ita ke kuma janye ta. Da baƙin dutse mai tsananin tauri aka yi su, kowanne tsawonsa ya kai wajen mita 2. Na zaune na riƙe da alamar rai a hannun hagu bisa cinya, na tsaye kuma na riƙe da sanda mai siffar ciyawar fafirus, da faifan rana a ka. Babu kayan aikin baƙin ƙarfe a hannun masassaƙan: da dunƙulen dutse suke dandaƙa, su goge da yashi har fuska ta yi sheƙi. Da yawa cikin na tsayen ko rubutu ba a kai ga yi musu ba.

A kan yawansu ne maganar masana ta rabu. Auguste Mariette ya ƙiyasta 572 a ɗakin bautar Mut da ke Karnak kaɗai. A 1980 Jean Yoyotte ya kawo lissafin 730, wato na zaune 365, na tsaye 365, kowace rana da nata biyu. Lissafin ya shiga littattafai kamar an ƙirga, amma hasashe ne, ko da yake mai ma'ana. Haka ma batun mazauninsu na asali. Tonon da Hourig Sourouzian ke jagoranta tun 1998 a Kom el-Hettan, ɗakin bautar Amenhotep na Uku da ke yammacin Kogin Nilu, ya fito da sama da 200, wasu cikakku wasu gutsattsari. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa da yawa cikin na Karnak daga can aka kwaso su, bayan girgizar ƙasa ta rushe ginin wajen 1200 kafin haihuwar Annabi Isa. Masu cewa wata annoba ce ta tsorata sarkin har ya yi wannan aiki, ba su da rubutun zamanin da ya faɗi haka ƙarara.

Gumakan ba su zauna lafiya ba. Mutanen Akhenaten, ɗan Amenhotep na Uku, sun bi wasu suna kankare sunan abin bauta Amun, sannan Sheshonq na Ɗaya ya zo ya sa nasa sunan a jikin wasu. A ƙarni na 19 jakadun Turai irin su Henry Salt da Bernardino Drovetti suka yi ta jigilarsu, shi ya sa ake ganinsu a Landan da Paris da Turin.

Daga 1903 zuwa 1907 Georges Legrain ya tono ɗaruruwan mutum-mutumin dutse da aka binne a rami guda a Karnak. Wuri na ƙarshe da bautar ta tsaya shi ne ɗakin bautar da ke tsibirin Philae, wanda aka rufe a zamanin Sarki Justinian, a ƙarni na 6.